Mai Awon Ruwan Sama

Shekara talatin da ɗaya Barmo ɗan Tunau
yana auna wa hukuma ruwan sama a Tarna.
Kowace safiya, tun hantsi bai dubi ludayi ba,
zai ɗaga mazurari, ya tsiyaye a kwalba mai zane,
ya rubuta milimita tara, ko ya rubuta babu.
Babun ta fi yawa.

Rajistar tana da gefe, fari, faɗin yatsa uku.
Nan ce gonarsa ta gaskiya.
"Yau shamuwa ta sauka kan tsamiyar Jadi,
ƙafa ɗaya a naɗe, tana jiran a ce mata bismilla."
"Jiya da dare gulbi ya iso ba sallama,
ga shi kwance cikin rogon mutane, ja wur,
yana haki kamar san da ya tsinke igiya."

Mushen da ke zuwa daga Yamai duba lissafi
ya ce masa takardar gwamnati ba allo ba ce.
Barmo ya ce to.
Ya rage girman rubutu.

Kakana ne. Muryarsa ba ta da daɗi,
ko kiran awaki ya yi sai sun yi shawara.
Ga Maradi cike da alhazai masu buɗaɗɗen hannu,
bai taɓa wasa ko ɗaya ba.
Kalgo ya wasa, da sabara, da ƙwaron da ke mirgina kashin shanu,
da gawo, wanda ake wa kirari da ƙin ruwan Allah.
Ya ce ƙarya ake masa:
"Riga yake tuɓewa da damina
don geron da ke gindinsa ya ga rana."

Shekarar da hatsi ya ƙone yana ɗan ƙarami,
aka sayar da saniya kuɗin tiya huɗu,
kwana arba'in gefen nan fayau,
sai layi guda, can ƙasa, da bik mai ƙarewa:
"Ko kurciya ta bar tambaya."

Wani malamin lakkwal, Mijinyawa,
ya kwafe abin da ya samu, ya buga tamanin.
An sayi goma sha.
Saura na san inda suka tafi,
don na taɓa sayen tsire a tashar Madarumfa
aka naɗe mini shi da shafi na sha huɗu.
Mai ya ratsa balbelar da ke ciki
har ana hango yatsana ta bayanta.
Rajista biyu kuma gara ta karance su tas.

Ya rasu cikin bazara, saura kwana uku ruwan fari.
Da ruwan ya zo ba wanda ya tuna da kwalba.
Ta cika, ta tumbatsa, ta yi ta zuba a ƙasa,
ranar ba ta da lamba har yau.

Ba titi mai sunansa, ba aji.
Amma bara a Jiratawa, lokacin sassabe,
na ga yaro ya ɗaga gatari kan wani ɗan toho,
uban ya riƙe hannunsa ya ce,
"Bar wannan, mai tuɓe riga ne."
Na ce, Baba, wa ya faɗi haka?
Ya dube ni kamar na tambayi wa ya haƙa gulbi.
Ya ce, haka dai ake cewa.

Yanzu na'ura ce a Tarna, kan dogon ƙarfe,
ita ke auna, ita ke aikawa, ba ta makara.
Na je na duba takardar da take fitarwa.
Lambobi sun cika ta baki da baki.
Shamuwa kuwa ta zo bana ma,
ta sauka kan ƙarfen, ta naɗe ƙafa ɗaya.